Ciwon Baya da Wuya a Ofis: Yadda Ake Daidaita Kujera, Tebur da Ɗaukar Kaya

Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Kubwa yana aiki a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, in aka yi masa lissafi, da wuya ya wuni bai yi awa goma a zaune ba. Cunkoson safe ya ci awa ɗaya ko biyu, gaban kwamfuta ya ci bakwai ko takwas, da yamma kuma a sake shiga layin motoci irin na AYA zuwa Nyanya. Ranar da ƙugu ya fara riƙewa ko wuya ya ƙage, sai a ce basir ne ko sanyi, a aika masinja ya sayo magani. A sha, a koma kan kujerar da ta jawo ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ɗora wa laifin. Yadda ake zama, da yadda ake ɗaukar kaya, da daɗewa wuri guda ba motsi, suna da babban kaso a ciki. Dalilin yana cikin ginin jiki. Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere, 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu, kuma tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushi. Jini ba ya ratsa cikin faifan nan kamar yadda yake ratsa tsoka, don haka motsi ne ke taimaka masa, a matsa shi a sake shi kamar soso. Ita ma tsoka in ta daɗe a ɗaure, ko da nauyin da take riƙe ba shi da yawa, jinin da ke shigarta yana raguwa, sai ta fara zogi. Wannan shi ne zafin nan da ake ji tsakanin wuya da kafaɗa wajen La'asar.

A fara daga gwiwar hannu

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin tela, tawul, rim ɗin takarda uku ko huɗu, da abokin aiki da zai ɗauke ka hoto daga gefe kana tsakiyar aiki ba ka sani ba. Hoton da aka ɗauka ka shirya ba shi da amfani, kowa yakan miƙe ƙyam in ya ga an ɗaga waya.

Ka zauna ka matsa har mazaunanka su taɓa bayan kujera. Ka saki kafaɗu, hannaye su sauka a gefen jiki, sannan ka lanƙwasa gwiwar hannu kamar za ka karɓi faranti. A auna daga ƙasa zuwa ƙasan gwiwar hannun. Wannan awon shi ne ma'aunin komai, domin a daidai nan, ko ƙasa kaɗan, ya kamata madannan kwamfuta su kasance.

Yawancin teburan ofis tsayinsu tsakanin santimita 73 ne zuwa 76, awon da ya fi dacewa da dogon mutum. Mace mai tsayin santimita 160, in ta zauna ƙafafunta na taka ƙasa sosai, gwiwar hannunta ba za ta wuce santimita 63 zuwa 65 daga ƙasa ba. Teburin ya fi ta da kusan santimita goma ke nan. Jiki ba ya tambaya, da kansa yake cike giɓin: kafaɗu su ɗage sama, gwiwoyin hannu su buɗe waje kamar fukafukai, wuyan hannu ya kwanta a kan kaifin tebur. A haka za a wuni.

Tunda ba a cika iya rage ƙafar teburin gwamnati ba, kujera ake ɗagawa har gwiwar hannu ta yi daidai da madannai. In ƙafa ta daina taka ƙasa, sai a sa matashin ƙafa. Kada a bar ƙafa tana reto, ko a maƙale ta a ƙafar kujera, domin bakin kujera zai danne ƙasan cinya, ƙafa ta yi minjirya, mutum kuma ya riƙa zamewa gaba har bayansa ya rabu da majingina. Kowane kafinta a Kugbo ko Dei-Dei zai haɗa matashin ƙafa da ragowar katako. Da inci suke aiki, don haka ka ce masa: "Malam, allo nake so, inci 18 a faɗi, 14 a zurfi, tsayi inci huɗu, gaban ya ɗan fi bayan tudu." Tsayin dai gwargwadon giɓin da ka auna ne tsakanin tafin ƙafa da ƙasa. Kafin a haɗa, rim biyu na takarda a ɗora ɗaya kan ɗaya sun ba ka kusan santimita goma.

Dogon mutum kuma matsalarsa akasin haka ce: gwiwa na bugun durowa, yana duƙawa ya kai ga madannai. Shi tebur za a ɗaga masa da guntayen katako a ƙarƙashin ƙafafun, duk tsayi ɗaya. Kuma a kwashe katan-katan na tsofaffin fayil da ake cusawa ƙarƙashin tebur, su ne ke sa mutum ya zauna a karkace.

Sauran gyaran kujera

Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a samu sararin yatsa biyu zuwa uku. Kujerun manya, irin masu fata da dogon baya da ake saya don ƙawa, sukan yi zurfi da yawa. Gajeren mutum in ya hau sai ya zaɓi ɗaya: ko ya jingina bakin kujera ya danne masa bayan gwiwa, ko ya zauna a baki-baki ba jingina. Maganinta filo mai tauri a baya, wanda zai turo shi gaba.

Ƙasan baya yana da lanƙwasa ta halitta da ta shiga ciki, zama kuma yana baje ta. A naɗe tawul ya yi kauri kamar santimita 8 zuwa 10, a ɗaure da roba, a sa shi daidai inda bel ke wucewa ko sama kaɗan. In ya sauka ƙasa yana tura mazaunai gaba, in ya hau sama yana tura haƙarƙari, duka biyun ba su yi ba. Majingina kuma ta ɗan kwanta baya kaɗan, digiri 100 zuwa 110. Zama a miƙe ƙyam kamar soja a fareti ba a iya jure shi, minti goma ya yi yawa mutum ya koma ya lanƙwashe.

Hannun kujera in yana bugun tebur ya hana ka matsowa, a sauke shi, in ba ya sauka a kwance shi gaba ɗaya, ƙusoshi ne 'yan kaɗan a ƙasa. Kujera mai juyawa da take sauka da kanta, ka ɗaga da safe kafin Azahar ta koma ƙasa, bututun iskar da ke tsakiyarta ne ya mutu. Ana sayar da shi daban, ana canzawa. Kafin a samu, a yanka bututun roba irin na famfo daidai tsayin da ake so, a tsaga shi a tsaye, a zura a jikin sandar ƙarfen, zai hana ta sauka. Amma wadda ƙafarta ɗaya ta karye cikin biyar ɗin, ko ta roba da ta tsage, wannan fitar da ita za a yi.

Walat a aljihun baya a cire shi kafin a zauna, a ofis ko a mota. Yana ɗaga ɓangare ɗaya na ƙugu, ƙashin baya ya karkace don ya rama.

Fuskar kwamfuta, da matsalar laftof

Sai an gama da kujera ake taɓa fuskar kwamfuta, in ba haka ba aiki biyu za a yi. Saman fuskar ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisanta kuma kamar tsawon hannu, daga santimita 50 zuwa 100 gwargwadon girmanta. Ta kasance a gabanka sak. Al'adar ajiye kwamfuta a kusurwar tebur don a bar wa baƙi wurin ganin fuska ita ce ke sa wuya ya ƙage ta gefe ɗaya. In rubutu ya yi ƙanana, a ƙara girmansa, kada a miƙa wuya gaba kamar kunkuru. Kan babban mutum yana kai kilo biyar, kuma duk yadda ya yi gaba ya bar saitin kafaɗa, haka tsokar ƙeya ke ƙara aiki don ta riƙe shi.

Mai tabarau mai hawa biyu, wanda ƙasansa ne na karatu, shi tasa fuskar ƙasa za a yi da ita, a ɗan kwantar da ita baya. In an ɗaga masa ita kamar ta kowa, haɓa zai riƙa ɗagawa yana leƙe ta ƙasan gilashi, ƙeya ta matse.

Laftof an haɗa fuskarsa da madannansa wuri guda, don haka ba yadda za a ajiye shi ya yi wa wuya da hannu daɗi a lokaci ɗaya. Ga wanda zai yi fiye da awa ɗaya a kansa, a ɗora shi kan rim uku ko huɗu, ya tashi santimita 15 zuwa 20, a jona masa madannai da maus na daban. Kuɗin waɗannan biyun bai kai na zuwa asibiti sau ɗaya ba. Kada a ɗora shi kan filo, yana toshe masa ƙofar iska.

Gine-ginen Abuja akwai gilashi, rana kuma ba ta wasa. A ajiye kwamfuta taga na gefenta. In taga na bayanka haske zai faɗo kan fuskar, in tana gabanka ido zai yi ta fama da haske biyu, kuma a duka halin biyu mutum yakan karkace jiki yana neman inda zai gani. Da hunturu, ga ƙura ga esi, ido na bushewa domin mai kallon kwamfuta ba ya ƙiftawa yadda ya saba. Duk minti 20 a ɗaga ido a kalli wani abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20.

Hannu

Wuyan hannu ya tafi a miƙe da damtse, kada ya karye sama ko gefe. 'Yan ƙafafun nan biyu da ke bayan madannai a kwantar da su, ɗaga su yana tilasta wa wuyan hannu lanƙwasa baya. Maus ya zauna dab da madannai, gwiwar hannu na kusa da jiki, a riƙe shi sakwa-sakwa, a motsa shi da damtse gaba ɗaya. Teburin da aka shimfiɗa wa gilashi bakinsa na da kaifi, a matsar da madannai ciki kamar santimita 10 zuwa 15, ko a sa ƙaramin tawul a bakin.

Inda yatsu ke mutuwa yana nuna inda matsalar take. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, musamman da dare har ya tashe ka kana yarfe hannu, jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ce ta matsu. In ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi, a duba gwiwar hannu, galibi dogara ta ake yi a kan tebur ko hannun kujera mai tauri. Zafi a gindin babban yatsa kuwa sau da yawa na masu rubutu a waya ne da hannu ɗaya. Sakatarori da masu karɓar baƙi da ke maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa suna rubutu, su nemi abin sawa a kunne.

Tashi

Kujerar miliyan ba ta hana ciwo in an wuni a kanta. Hukumar HSE ta Birtaniya, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta ce hutun minti 5 zuwa 10 a kowace awa ya fi na minti 20 bayan awa biyu. Hutun ba wai barin aiki ba ne: a amsa waya a tsaye, a kai fayil da ƙafa maimakon a kira masinja, a ajiye firinta inda sai an tashi. Alwala da sallar Azahar da La'asar sun riga sun raba wuni, abin da ya rage shi ne dogon zangon nan daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, wanda mutane da yawa ke yi a zama ɗaya. In ka tashi, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan lanƙwasa baya a hankali sau biyar, ka ja haɓa ciki kamar mai yin haɓa biyu ka riƙe daƙiƙa biyar, ka juya kafaɗu baya. Abin da ya sa zafi ya sauka ƙafa ko hannu, a bar shi.

Mai tuƙa kansa ya matso da kujera har gwiwa ta kasance a ɗan lanƙwashe in ya taka kuloci ko birki har ƙasa, kuma wuyan hannunsa ya kai saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Saman matashin kai ya yi daidai da saman kai. Bayan doguwar tafiya, irin ta Abuja zuwa Kaduna ko Jos, kada a fito a zarce buɗe but a sunkuci buhu. A ɗan taka na minti biyu tukuna.

Ɗaukar kaya

A ofis ma ana ɗaukar kaya, kuma masu shara da masinjoji da direbobi da ma'aikatan rajista su ne suka fi shan wahalarsa. Gorar ruwan da ake kifawa kan injin sanyaya ruwa kusan kilo 19 ce. Katan ɗin takarda mai rim biyar kilo 12 da rabi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ta dizal ta ɗan fi sauƙi. Buhun shinkafa ko siminti kilo 50.

Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin ma'aikata za su ɗaga lafiya, kuma wannan sai in komai ya yi daidai: kayan na dab da jiki, a tsayin ƙugu, ba juyawa, ba maimaitawa akai-akai. A lissafinta, in nisan kaya daga jiki ya tashi daga santimita 25 zuwa 50, iyakar ta rabu biyu, ta koma kilo 11 da rabi. Nisa ke nan ya kai nauyi muhimmanci. Jadawalin HSE ya ba namiji kilo 25, mace kilo 16, a tsayin ƙugu kusa da jiki. Daga ƙasa ko sama da kafaɗa kuwa kilo 10 ne ga namiji, 7 ga mace. Buhu mai kilo 50 ya wuce kowane awo. Na mutum biyu ne, ko baro, kuma ko mutum biyun ba ninki biyu suke iya ɗauka ba, kamar kashi biyu ne cikin uku na jimillar ƙarfinsu. Ɗaya ya riƙa ba da umarni, a ɗaga tare.

Ga yadda ake yi da gorar ruwa. A mirgino ta ko a jawo ta har gindin injin, a ajiye kujera mai ƙarfi a gefe. A buɗe ƙafafu faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan yi gaba, gorar na tsakaninsu. A lanƙwasa gwiwa da ƙugu tare, hannu ɗaya a wuyan gorar ɗaya a gindinta, a manna ta da jiki a miƙe a hankali ba fizga, a ɗora kan kujerar. A gyara riƙo, sannan a ɗaga zango na biyu a kifa. Wurin da aka fi samun rauni shi ne juyawa: kaya a hannu, ƙafa a kafe, a murɗa ƙugu. Ƙafa ce za ta juya, ƙirji da ƙugu su fuskanci wuri ɗaya. Faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙugu na ƙasa shi ya fi bultsowa, kuma haɗuwar duƙawa da murɗawa da nauyi ita ce ya fi tsana. Da sassafe ma ya fi cika da ruwa bayan kwanciyar dare, don haka aikin duƙe-duƙe mai nauyi a ɗan jinkirta shi in da hali.

A rajista da sito, kaya masu nauyi da waɗanda ake yawan ɗauka su zauna a kanta tsakanin cinya da kafaɗa. Marasa nauyi su hau sama. A tanadi ɗan tsani, kada a hau kujera mai taya. Tura amalanke ya fi jan ta. Bel ɗin baya da ake sayarwa kuwa, tun 1994 NIOSH ta ce ba ta ga isasshiyar hujjar cewa yana hana rauni ba, kuma yakan sa mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Masu wuni a tsaye, kamar masu gadi da masu ba da magani da teloli masu yanka a kasuwar Wuse, su ajiye ɗan bulo ko katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15, su riƙa ɗora ƙafa ɗaya suna canzawa. Teburin aikin tsaye mara nauyi ya kasance santimita 5 zuwa 10 ƙasa da gwiwar hannu. Hajiya mai dogon takalmi ta ajiye mara tudu a durowa.

In ciwon ya riga ya zo

Yawancin ciwon baya na farat ɗaya yana sauƙi cikin makonni shida. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara jinkirta warkewa, gara a ci gaba da zirga-zirga gwargwadon iko, a riƙa gasawa da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20. Hoton ƙashi ba dole ba ne a makonnin farko in ba wata alamar haɗari. A yi hattara da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis. Diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda, mai gyambon ciki ko hawan jini ko juna biyu kada ya sha sai da izinin likita. Tramadol kuma yana kama mutum.

Akwai alamun da ba a jira da su: mutuwar fata tsakanin cinyoyi da mazaunai, kasa riƙe fitsari ko bayan gida ko kasa yin fitsarin, ƙafa ta yi rauni tana jan ƙasa. Wannan asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne. Ciwon baya da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko wanda ba ya lafawa in an kwanta, shi ma a ga likita da wuri, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Haka wanda ya faɗi, da mai sikila. Ciwon da ya wuce makonni shida, ko yatsun da ke mutuwa kullum, aikin likitan fisiyo ne, wanda aka fi sani da likitan gashin ƙashi. Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada duk suna da sashen. In za ka je, ka tafi da hoton nan da aka ɗauke ka a teburinka.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke aiwatarwa, ta shafi rauni da cutar da aiki ya jawo, a gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci daga nasa. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa. A yi sanarwar a rubuce, da kwanan wata da wurin da abin ya faru da abin da ake ɗauka a lokacin, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafi ɗaya, a ajiye shi tare da katin asibiti da rasit.